Rokar da ta tashi a raka'a ta uku

Ko zan manta da komai na zamana a Dubai, ba zan taɓa mantawa da wata la'asar da na ja a falonmu na Hor Al Anz ba. Har yau in ta faɗo mini a rai, ko a tsakiyar titi nake, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Na daɗe ina roƙon waɗanda aka yi abin a gabansu su bar maganar, amma na lura babu mai saurarena. Don haka gara ku ji daga bakina, ni ko ba komai zan rage gishiri.

Mu uku ne a fulat ɗin. Akwai Nasiru, Bakano, injiniya a wani kamfanin na'urorin sanyaya ɗaki, mutum mai shiru-shiru, irin wanda za ka taka wa ƙafa ya ba ka haƙuri. Akwai Razak, ɗan Zangon Kumasi, mai gadi a wani otal, wanda in yana gida duk benen sai ya sani. Sai ni, mai duba ingancin kaya a wata masana'antar robobi a Dubai Investments Park. Ustaz suke kirana. Ba wani karatu na yi mai zurfi ba, gemu ne Allah Ya ba ni mai kyau, ga kuma baki. Ni ke ƙwanƙwasa ƙofa da asuba, ni ke tsaki in an ƙure kiɗa, ni ke gyara wa mutane karatu ko ba su tambaye ni ba. Wanda ya fi kowa shan wa'azina shi ne Razak, saboda ya taɓa ɗan taɓa cacar ƙwallo a waya. Ya daina tuntuni, ni ne dai ban daina tuna masa ba. (Kada in ɓoye muku, sunan Ustaz ɗin nan yana yi mini daɗi. In aka kira ni da sunana na yanka har ɗan ɓata rai nake yi.)

Daga gidanmu zuwa wajen aikina tafiya ce miƙaƙƙiya a metiro, har da canjin jirgi. A irin wannan zaman ne wata safiya talla ta faɗo mini a waya, ta wani wasa na sararin samaniya. Layuka ne masu juyawa, cike da taurari da duniyoyi masu zobe da wani ɗan sama jannati mai ƙatuwar hula kamar an kifa masa tukunya. Ka danna, su juya, su tsaya. In hotuna iri ɗaya suka jeru, sai tsabar zinare ta zubo maka. Kallo ɗaya na yi masa na gane ƙanin caca ne, uwa ɗaya uba ɗaya. To amma wannan ba a zuba masa kuɗi, ba a kuma cire ko sisi, zinaren ma na ƙarya ne. Kafin jirgi ya kai tasha ta gaba na riga na ba kaina fatawa cewa rage hanya ne kawai.

Wanda ya ƙera wasan nan ya san halin ɗan Adam. Akwai wani baƙin rami da kan bayyana ya haɗiye hotunan da ke kusa da shi, ya rikiɗe ya zama duk abin da kake nema. Akwai tauraro mai wutsiya da ke giftawa ya ninka maka abin da ka ci. In 'yan sama jannati uku suka haɗu, sai a ba ka juyi kyauta. Duk waɗannan na gan su har na saba. Abin da ya hana ni sakat shi ne wata roka da ke tsaye a gefen allo, da tankin mai a jikinta. Kowane juyi sai a ɗiga mata mai ɗan kaɗan, kamar mai sayar da turare yana auna wa wanda bai yarda da shi ba. An ce ranar da tankin ya cika, babban bonas zai buɗe, rokar ta tashi. Ban taɓa ganin tashinta ba, kuma na ƙudurta a raina sai na gani. Makonni na yi ina ɗura wa rokar nan mai, da na'urar ji a kunne da fuska a ɗaure, duk wanda ya gan ni a jirgi zai rantse tafsiri nake saurare.

Ana cikin haka maganar auren Nasiru ta taso. Akwai wata yarinya Rukayya a Kano da ya daɗe yana nema, sun shaƙu ƙwarai, amma mahaifinta ya tsaya a kan abu ɗaya, bincike. Ya ce a gida in za a ba mutum 'ya, unguwarsu ake zuwa a tambayi liman, a tambayi maƙwabta, a tambayi mai shagon bakin layi. Yaron da ke Dubai wa za a tambaya? Ya ji labarin yadda samari ke lalacewa a waje, shi kuma ba zai jefa 'yarsa inda bai sani ba. Daga ƙarshe aka yanke cewa ƙaninsa, Alhaji Ɗanlami, ɗan kasuwar yadi da ke zuwa sarin kaya, zai biyo ya ga yadda Nasiru ke zaune. Abin da ya koma ya faɗa, shi ne hukunci.

Nasiru ya same ni a kicin ya gaya mini. Ya ce tun farko abin da ya fi kwantar wa mutanen hankali shi ne da ya ce musu da wani ustaz yake zaune. Wato ni ne liman, ni ne maƙwabci, ni ne mai shagon bakin layi. Na shafa gemu na ce masa ya je ya yi barcinsa, wannan aure an gama ɗaura shi.

Ranar Lahadi aka sa. Tun safe muka hau shara da goge-goge, Razak ya kwashe takalmansa daga bakin ƙofa, aka ƙona turaren wuta har ido yana yaji. Na haɗa wayata da ƙatuwar sifikar Razak ta bulutus, wadda kullum nake yi wa tsaki, na saki karatun Alƙur'ani ya cika gidan. Na ɗauko farar jallabiyata mai shara-shara, wadda na fi ji da ita, na feshe ta da turare. Ina cikin ɗaura agogo saƙo ya shigo daga wasan, wai ƙarshen mako ne, ana ninka man roka, kuma da yamma garaɓasar za ta ƙare. Na leƙa na ga tankin saura ƙiris. Na ce a'uzu billahi, na jefa wayar a aljihun ƙirji.

Baffa, haka Nasiru ke kiran Alhaji Ɗanlami mu ma muka bi, dattijo ne gajere mai ɗan tumbi, da idanu irin na mutumin da ya saba gane yadi na jabu daga nesa. Ba ya yawan magana. Da ya zauna na kashe karatun don a ji juna, amma ban raba wayar da sifika ba, ko tunanin hakan bai zo mini ba. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da muka yi oda daga wajen wata 'yar Najeriya a Deira. Yana ci yana jefo tambaya jefi-jefi, ni kuma ina cafewa tun kafin ta sauka. Nasiru yana sallah a kan lokaci? Ai kafin in ƙwanƙwasa ya tashi. Yana yawon dare? Baffa, daga aiki sai gida. Na ga dattijon yana gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara girma.

Can ya ajiye cokali ya ce abin da ya fi damunsa da yaran yanzu shi ne cacar nan ta waya, wadda mutum zai yi ta a ɗaki babu wanda ya sani. Da na yi shiru a nan, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ina, an taɓo mini inda nake so. Na gyara zama na yi huɗuba mai kyau a kan caca, yadda take farawa kamar wasa, yadda take cinye lokaci kafin ta ci dukiya, yadda shaiɗan ke ƙawata ta da launuka. Har na ɗan saci kallon Razak, na ce a gidan nan mun taɓa samun mai wannan matsalar, amma da nasiha Allah Ya shirye shi. Razak ya sunkuyar da kai yana wasa da miya. Baffa ya ce masha Allah, samun irina a ƙasar waje sai an tona.

Da aka kira la'asar, zafin waje ya kai inda ya kai, ga Baffa yana fama da gwiwa, sai ya ce mu yi jam'i a gida. Na shiga banɗaki yin alwala. A nan ne na tuna garaɓasa ta kusa ƙarewa. Wasan yana da wani maɓalli da in ka danna zai yi ta juyawa da kansa ba sai ka taɓa ba. Na ce a raina, ai ba ni zan yi wasan ba, waya ce za ta yi, ni ina can ina ibada. (Kun ga fatawa ta biyu ke nan, ita ma daga malami ɗaya.) Na shiga saituna na kashe kiɗan wasan, na danna maɓallin, na mayar da wayar aljihu ba tare da na kashe allon ba. Abin da ban sani ba shi ne babban bonas yana da tasa muryar daban, wadda kashe kiɗa bai shafe ta ba. Ta yaya zan sani, tunda ban taɓa kaiwa wurin ba?

Na fito na tarar an shimfiɗa darduma. Don ladabi na ce Baffa ya shige gaba. Ya ce shi matafiyi ne, kuma ga malami a gida, wane shi. Na ɗan yi jan aji na al'ada, sannan na shige gaba ina jin kaina kamar limamin Juma'a.

Kun san la'asar, karatunta a ɓoye ake yi. Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai hucin na'urar sanyi. Raka'a ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Mun miƙe ta uku, na kai tsakiyar Fatiha, sai wata Baturiya ta yi gyaran murya daga cikin sifikar Razak, ta fara ƙirga da Turanci daga goma tana yin ƙasa.

Da farko ban gane ba, har na fara jin haushin Razak a raina. Sai da ta kai wajen bakwai na ji ƙirjina yana ɗumi, wayar tana ɗan girgiza. Tankin ya cika. Makonni ina jiran wannan lokacin, bai tashi zuwa ba sai da nake tsaye gaban baffan amarya. Hannuwana suna kan ƙirji, sai na ɗan zame yatsa ta saman riga ina laluben maɓallin rage murya. Na same shi na danne da ƙarfi. Na ƙarawa ne.

Baturiya ta kai sifiri, roka ta tashi. Wallahi gilashin taga sai da ya amsa. Wata irin ƙara ce kamar jirgi zai sauka a kan benen, aka bi ta da kakaki da ganguna, sannan ruwan tsabar zinare ya ɓarke, ƙacau-ƙacau, babu ƙaƙƙautawa. Na yi ruku'u, Baturiya ta yi shelar na ci babbar nasara, "Mega win!" Na ɗago, ta sake faɗa. Na yi sujada da niyyar in daɗe ko abin zai ƙare kafin in ɗago, ashe juyin kyauta ne aka ba ni jere, kowanne da nasa kakakin. A bayana ina jin Razak yana wani irin tari na mutumin da dariya ta shaƙe. Nasiru kuwa ko numfashinsa ban ji ba, kuma wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali.

Zufa ta karyo mini har tana ɗiga a darduma. Lissafi ya ƙwace mini gaba ɗaya. Na gama raka'a ta huɗu, maimakon in zauna sai na miƙe zan kawo ta biyar. A nan na ji muryar Baffa a nutse, cikin rugugin zinare, ya ce, "Subhanallah." Na koma na zauna. Na yi tahiya, na sallame, na kawo ba'adi, duk ana yi mini kiɗa kamar ango.

Sai da na sallame ta ƙarshe Razak ya yi tsalle ya kashe sifikar. Dole liman ya juyo ya fuskanci mamu, na juyo a hankali kaina a ƙasa. Kafin kowa ya yi magana, sai Razak, mutumin da na gama yankawa a gaban baƙo, ya durƙusa.

"Alhaji, ka yi haƙuri, wayana ne. Wallahi na manta ban kashe shi ba."

Wani sanyi ya ratsa ni, har na fara tunanin in bar shi a haka. Baffa ya dubi Razak, sannan ya dubi ƙirjina. Na bi idonsa da kallo. Jallabiyar nan tawa mai shara-shara ta ci amanata, aljihuna yana ta walƙiya, ja, kore, shuɗi, kamar adaidaita-sahun da aka yi wa ado da fitilu.

"Wayarka ce a ƙirjin liman?" in ji Baffa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ciro wayar da hannu biyu na ce tawa ce. Na shiga bayani, bakina yana harɗewa, cewa ba caca ba ce ta gaske, wasa ne kawai na rage hanya. Ya miƙo hannu ya karɓa, ya ɗauko tabarau ya saka, ya daɗe yana kallon ɗan sama jannati yana rawa a kan wata jar duniya. Ya tambaye ni me nake zubawa, na ce ba a zuba komai. Ya tambayi me nake ci, na ce zinaren na ƙarya ne, ba a cirewa.

"To Malam, me ake ba ka?"

"Roka ce take tashi, Baffa."

Ya cire tabarau ya ninke a hankali. "Ikon Allah. Ɗan caca dai na san abin da yake nema. Kai ne ban gane ba."

Ya juya wajen Nasiru ya ce, wannan ne malamin da aka ba su labari? Nasiru bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Shi ne, Baffa. Duk abin da na faɗa a kansa gaskiya ne. Wannan ɗin ne ban sani ba." Baffa ya yi addu'a gajeriya, ya ce tuwo ya yi daɗi, Nasiru ya raka shi ya hau tasi.

Razak ya yi dariya har ya kwanta a darduma, yana cewa da salon maganarsu ta Gana, "Chale, Ustaz, ko ni da na yi caca ban taɓa kai shi masallaci ba." Ni ko murmushi na kasa. Nasiru ya dawo ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, washegari ma ya gaishe ni kamar kullum, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daga Kano shiru, Rukayya ta ce masa ita ma ba a gaya mata komai ba. Na goge wasan, amma wannan bai gyara komai ba. Gaskiya na ji tsoro ƙwarai, domin yaron nan ya ɗora aurensa a kaina, ni kuma na ɗora shi a kan roka.

Da na ji Baffa yana shirin komawa, na nemi izini a wajen aiki na tafi ofishin kago da yake auna kayansa a Deira. Na same shi zaune a kan dilar yadi yana shan shayi. Na durƙusa a gaban ma'aikata da 'yan dako, na ce Nasiru ba shi da hannu a shirmena, kada laifina ya shafe shi. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji. Abin da ya fara tambaya shi ne ina wayata. Na ce a kashe take. Ya ce in nuna masa, na nuna, sannan ya ce in zauna.

Ya ce ya sha zuwa bincike a rayuwarsa, kuma duk gidan da aka san zai zo, shara ake yi, a ƙona turare, a kunna karatu, ya ci tuwo ya tashi bai ga komai ba. Namu ne kaɗai ya ga abin da ke ciki. Ya ga wanda ya yi ƙarya don ya rufa wa abokinsa asiri, ya ga yaron da aurensa ke lilo amma bai yi tir da abokinsa don ya tsira ba. Ya ce tun a tasi ya kira yayansa ya ce a ba Nasiru, shirun da aka yi na gida ne, ana shawarar rana.

Na fara jero godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Na gaya wa Yaya, yaron da ya iya zama da kai shekara da shekaru bai yi faɗa ba, zai iya zama da kowace mace. Sharaɗi ɗaya na sa. Ranar ɗaurin aure, kai a sahun baya."

An ɗaura auren bayan 'yan watanni, na je Kano, kuma a sahun baya na zauna. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa miƙo mini hannu da fara'a suna cewa, "Malam, an zo lafiya? Ya roka?" Ina amsawa da alhamdu lillahi, don babu wata amsar.

Har yanzu ina wa'azi, hali ba ya barin mutum lokaci ɗaya. Sai dai yanzu kafin in buɗe baki a kan laifin wani, nakan laluba aljihuna tukuna, in kuwa na ji waya da ɗumi sai in ce Allah Ya shirye mu baki ɗaya, in yi shiru.